Sheƙa Biyu a Bakin Teku

Da ƙafa ya tura ƙofar gidan jinyar ungulu, domin hannuwansa biyu suna rungume da wani abu da ya naɗe a bargo. Ruwan teku na ɗiga har cikin takalminsa.

"Akwai mutane?"

Wata budurwa ta fito daga ɗakin magani, hannun rigarta a naɗe, gashinta ɗaure da jan ƙyalle. Ko fuskarsa ba ta kalla ba, bargon ta kalla.

"Tun yaushe yake cikin ruwa?"

"Ban sani ba. Zai yi minti goma."

"Ajiye shi nan. A hankali, ba buhun dankali ba ne. Riƙe masa wuya, in ya cafke ka a nan za ka bar yatsanka."

Ya riƙe. Ɗan ungulu ne da bai gama koyon tashi ba, amma ya kusa cika tebur. Fukafukansa sun jiƙe sharkaf, yana numfashi baki buɗe. Ta kifa shi ruwan ya fita, ta goge shi, ta kunna masa fitilar ɗumi, sannan ta duba zoben da ke ƙafarsa.

"C46. Ni na sa masa wannan a watan Mayu, ina lilo a jikin igiya."

Sai a lokacin ta ɗago. Idanuwanta suka sauka a kansa, shi kuwa ya ji kamar an zare wa jirginsa anga.

"Kai ne Dinko mai jirgin yawon baƙi, ko? Ni ce Nives. Ka san mutum nawa ke wuce su a ruwa su kau da kai? Kai ka tsaya." Ta yi murmushi. "Al'adarmu a nan, wanda ya tsamo shi ke raɗa suna."

Ya lashi leɓɓansa da suka bushe. "Gishiri."

Ta yi dariya, ta rubuta. "Me ya faɗo da shi? Ka ga wani jirgi a kusa?"

"A'a. Haka na tarar da shi."

Ƙaryar farko ke nan, kuma ta fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro.

Ga abin da ya faru. Ungulayen tsibirin Cres a jikin duwatsun da suka tsaya kan teku suke sheƙa, ƙwai ɗaya tal a shekara. Doka ta hana jirgi matsawa gindin duwatsun a lokacin renon 'ya'ya. Amma baƙi ba su biya kuɗinsu don kallon dutse ba, kuma kowane mai jirgi ya san dabarar: ka kashe inji, ka sulala kusa, ka danna hon. Sai manyan su tashi gaba ɗaya, a yi ta hoto ana tafi. Dinko ya sha yi. Ran nan ma wani baƙo ya ce, "Kyaftin, sa su tashi mana," Dinko kuwa ya danna.

'Ya'ya biyu suka firgita suka yi tsalle daga sheƙa biyu. Ɗaya ya faɗo kusa, Dinko ya faɗa ruwa ya kamo shi. Ɗayar igiyar ruwa ta ja ta wajen duwatsu. Sau biyu kanta ya nutse ya ɗago. Na ukun bai ɗago ba.

Washegari ya koma gidan jinyar. Ya gaya wa kansa Gishiri ya je dubawa. Jibi ma ya koma, da kifi a leda.

"Ungulu ba ya cin kifi, Kyaftin."

"Uwar ungulu fa?"

"Ita tana ci, in wani zai gasa."

Ya gasa a bayan gidan, suka ci da burodi da man zaitun, Gishiri na hararar su daga cikin keji. Kafin watan Agusta ya ƙare ya san sunan kowane tsuntsu a gidan, ya san wanda wayar lantarki ta karya wa fiffike da wanda ya haɗiyi harsashi a cikin mushe. Ya daina kai baƙi gindin dutse. Abokan aikinsa suka ce soyayya ta lalata shi.

Saƙonninta kan shigo yana tsakiyar teku.

"Kyaftin, ɗanka ya cinye rabin ƙafar tunkiya yau, ya kuma sari likitan dabbobinmu. Halinka ne ko na dangin uwarsa?"

"Na uwarsa ne. Ni ban taɓa saran kowa ba. Na yi kewarki tun safe, Uwar Ungulu."

"Tun safe kawai? To ni tun jiya. Ka zo da wuri, jarumina."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ke hana shi haɗiye abinci. A kasuwa ma haka mutane ke nuna shi, ga wanda ya faɗa teku da kayansa saboda tsuntsu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya yaba masa, sai ya ji kamar zagi.

A watan Satumba ta kai shi gida. Mahaifinta, da ake kira Barba Gaspar don da Barba ake girmama dattijo a tsibirin, makiyayi ne, tumakinsa ɗari biyu suna watse cikin duwatsun arewa. Shekara ashirin ke nan duk tunkiyar da ta mutu masa, da kansa yake saɓa ta ya kai wa ungulaye wurin da ake ajiye musu abinci. Ya yanko wa Dinko cuku, ya zuba masa ido har ya cinye.

"Jirgi gare ka."

"E, Barba."

"Ƙasa fa? Ko itacen zaitun guda?"

"Babu, Barba."

"Na san ku, samarin bazara. Wata uku kuna dariya da matan Jamus, wata tara kuna kwance a gidan shayi kuna ƙarya. Mutumin da ba ya barin sawu a inda ya bi, ta ina zan san shi?"

"Baba," in ji Nives, "shi ne fa ya tsamo Gishiri."

"Na ji. Duk tsibirin ya ji. Abin kirki ba ya yin ƙara haka." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Mauro ya yi mini magana tun bara. Na san ubansa, na san kakansa, na san inda zan same shi ran sanyi."

Mauro shi ne mai gidan abinci a bakin tashar jirage, shi ke sayen 'yan ragunan Barba Gaspar duk shekara. Yana da mota, yana da ƙaramin jirgi na shan iska, kuma sau uku Nives tana ce masa a'a.

A waje ta riƙe hannun Dinko. "Kar ka damu da Baba. Bakinsa kamar dutsen nan ne, amma a ƙarƙashi akwai ruwa. Ranar Lahadi ka sa takalmin kirki, zan nuna maka wani wuri."

Tun rana ba ta yi zafi ba suka kama hanya. Tafiyar awa uku ce, ta tsakanin katangun dutse da kakanni suka jera ba siminti. Duwatsun farare ne masu kaifi, suna juyawa a ƙarƙashin ƙafa. Ita tana tsallake su kamar akuya, shi yana haki a baya.

"Kyaftin, ko in goya ka?"

"A teku za ki rama wannan."

"A teku kai ma inji ke goya ka."

Suka ratsa dajin tsofaffin itatuwa, suka wuce ƙauyen da kowa ya ƙaura sai tumaki ke kwana a ɗakunansa. Ƙamshin ganyen daji ya cika musu tufafi. A bakin wata rijiya suka zauna suka ci ɓaure, ta cire masa ƙaya a tafin hannu da haƙorinta. Ya kalle ta, ya ce a ransa yau zai faɗa.

Hanyar ta ƙare a saman dutse. Teku na can ƙasa, shuɗi kamar an rina. Da ya leƙa ya gane wurin. Daga ƙasa ya saba ganinsa.

Ta kwanta rub da ciki, ta miƙa masa madubin hangen nesa. "Ka ga waccan sheƙar? Ta Gishiri ce. Dubi ta gefenta, ta hagu."

"Na gani. Babu komai."

"Nan 'Yar Auta take. C47. Ita ce ta ƙarshen ƙyanƙyasa bana, rana ɗaya na sa musu zobe. Da na kama ta ko motsi ba ta yi ba, kanta kawai ta cusa mini a hammata." Ta karɓi madubin ta duba sheƙar. "Ran da ka kawo Gishiri na zo nan da yamma, na tarar ita ma ba ta nan. Likita ya ce in haƙura. Ni dai na ce ta tashi ne da wuri. Suna yin nisa ka sani, har Italiya, har Afirka, sai bayan shekara biyar su dawo. Na aika lambarta ga duk masu kallon tsuntsaye. Kullum da safe kafin in sha kofi sai na duba ko wani ya gan ta."

Ya buɗe baki. "Nives."

"Na'am, jarumina."

Iska ta ɗaga mata gashi. Wani babban ungulu ya gifta a ƙasansu, ko fiffike bai kaɗa ba.

"Za ta dawo," ya ce.

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Duk hanyar komawa bai yi magana ba, ta ɗauka gajiya ce.

Kwana huɗu bayan nan yana wanke jirgi Mauro ya zo ya tsaya a kansa, hannu cikin aljihu.

"Sannu, jarumi. An ce har saman dutse aka kai ka."

"Me kake so, Mauro?"

"Ina so ka kalli wani abu." Ya miƙo waya. Hoton bidiyo ne, an ɗauka daga nesa, amma jirgin Dinko ne, sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Aka ji ƙarar hon. Aka ga abu biyu sun faɗo. "Ina bayan tsibirin can ina kamun kifi. Wata biyu ina jira ka gaji ka kama gabanka kamar yadda kuka saba. Ka ƙi."

"Ka nuna mata?"

"Ban nuna ba, kuma ba na so in nuna. Za ta yi kuka, ni kuma ba na son kukanta. Ka ja jikinka a hankali, ka ce aiki ya kira ka birnin Rijeka. Ka tafi da sunanka mai kyau, ita ta zauna da 'Yar Autarta. Kowa ya huta."

Abin da ya fi ci wa Dinko rai shi ne maganar ta yi masa daɗin ji. Ya daina zuwa gidan jinyar. Kiranta ya shigo, ya kifa wayar. Kwana takwas yana haka. A na tara saƙo ya zo.

"Mauro ya ce an gan ka da wata doguwa mai farin gashi a jirgin Rijeka. Ban yarda ba, amma shirunka yana taya shi magana. In Baba ne ya yi gaskiya, ka gaya mini da bakinka, ba zan riƙe ka ba. Gishiri ya fara buɗe fukafukai. Na so ka gani."

Ya karanta sau uku. Sannan ya ɗaure jirgi ya hau babur.

Ya same ta a bayan keji tana wanke kwanon ruwa. Ta miƙe, ta goge hannu a wando, ta ɗaure fuska irin ta mai jiran duka.

"Wace ce?"

"Babu wata. Da ma a ce akwai."

"To mene ne?"

"Ki daina duba wayarki da safe, Nives. 'Yar Auta ba za ta dawo ba. A gabana ta nutse."

Ba ta motsa ba.

"Ba tarar da Gishiri na yi ba. Ni na matsa gindin dutsen, ni na danna hon, don baƙi su yi hoto. Su biyu suka faɗo. Na kai ga ɗaya, ban kai ga ɗaya ba. Kin tambaye ni ko na ga jirgi, na ce a'a. Jirgin nawa ne."

"A saman dutse," ta ce a hankali, "ka ce mini za ta dawo."

"Na faɗa."

"Kana kallon sheƙarta."

"E."

"Me ya sa yau?"

Ya so ya ce zuciyarsa ce ta kasa ɗauka. Ya haɗiye. "Mauro yana da hoton. Ya ce in tafi shiru ko ya nuna miki. Na yi kwana takwas ina shirin tafiya. Ba zan ce miki jarumta ce ta kawo ni ba."

Ta sunkuya ta ɗauki kwanon, ta ci gaba da wankewa duk da ya riga ya fita tas. Hawaye na sauka cikin ruwan.

"Tsuntsu yakan mutu, Dinko. Na binne da yawa. Amma wata biyu kana kallona ina jiran gawa, kana cin kifi da ni. Fita. Kar ka sake tako gidan nan."

Daga can bai wuce gida ba. Ofishin masu kula da gandun dajin tsibirin ya nufa, ya zauna ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ya sa rana da wuri. Aka karɓe masa takardar ɗaukar baƙi na shekara guda. Kafin mako ya zagayo, waɗanda ke nuna shi a kasuwa suna nan suna nuna shi, yatsan ne dai bai sauya ba. Masu jirage suka daina gaishe shi, don ya jawo an sa musu ido. Mauro ya riƙa zuwa gidan jinyar da furanni, Nives tana ba tunkiyar maƙwabta.

Ya aika mata saƙo guda ɗaya.

"Ba na neman ki yafe. Ina so dai ki sani na kai kaina. Ki gaida Gishiri in ya halatta."

Ba amsa.

Ranar da bura, iskar nan mai tsananin sanyi, ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, aka buga masa ƙofa da sanda. Barba Gaspar ne.

"An ce ba ka da aiki."

"Haka ne, Barba."

"Aladen daji sun rushe mini katanga. Ga tunkiya ta mutu a kwari, bayana kuma ya daina ɗauka. Sa takalmi."

Dinko ya saɓa mushen a kafaɗa, wari na dukan hancinsa, suka yi ta hawa. Suka sauke tunkiyar a filin abincin ungulaye, suka koma bayan katanga suka zauna. Ungulaye suka fara taruwa a sama, ɗaya, biyar, ashirin.

"Ka san me ya sa nake wannan wahalar?" in ji tsohon.

"Mutane sun ce kana son su."

"Mutane." Ya tofar da yawu. "Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, aladen nan suka cinye mini 'yan raguna talatin a bazara ɗaya. Na samo guba na cusa a cikin mushe na ajiye musu. Aladen ba su zo ba. Waɗannan ne suka zo. Goma sha ɗaya na ƙirga da safe. Na haƙa rami na rufe su, na jera dutse a kai. Nives tana da shekara shida. Da aka yi ta cigiyar wanda ya yi, tana kan kafaɗata a wurin taron, tana kuka tana cewa Baba ka kama shi."

Dinko ya juyo ya kalle shi.

"Ran da ka zo gidana na gane ka. Ba jirginka na ƙi ba. Yadda ka sunkuyar da kai da ta yabe ka, shi na gani, don na san shi. Na ce wannan irina ne, ba zan ba shi 'yata ba." Ya murza sandarsa a ƙasa. "Sai ga shi kai wata biyu ka yi. Ni ga ni nan."

"Tilasta ni aka yi, Barba."

"An ba ka hanyar gudu, ka bi ɗayar. Tashi, katanga na jira."

Duk lokacin sanyi Dinko yana duwatsun arewa. Ya koyi zaɓen dutse da ido, ya koyi kama tunkiya a guje, hannuwansa suka farfashe. In Nives ta zo gida ranar Lahadi, sai ya bi ta bayan garke ya tafi. Sau ɗaya suka yi kiciɓis a bakin rijiya. Ta dubi hannuwansa, ta dubi gefe, ta wuce.

Ranar wata Lahadi a watan Maris, tsohon ya ce masa, "Yau kar ka tafi. Zauna a waje." Ya shiga ya rufe ƙofa.

Dinko ya zauna a kan katanga. Bai ji me ake faɗa ba, sai muryar tsohon ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana tafiya. Sannan shiru. Sannan ƙarar fashewar faranti.

Ta fito idanuwanta jawur. Ta gan shi, ta tsaya. Ya zaci wucewa za ta yi, sai ta zo ta zauna a kan katangar, ta bar tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu.

"Ka sani?"

"Tun Nuwamba."

"Ba ka gaya mini ba."

"Ba nawa ba ne. Amma na ce masa in kika tambaye ni ba zan ɓoye ba."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Maza biyu nake so a duniya, kowanne da kabarinsa a ɓoye. Ni ce dai ba a gaya wa komai. Me ke fuskata da ke sa mutane yi mini ƙarya?"

"Kina kallon mutum kamar ya fi yadda yake. Sai ya ji tsoron ki daina."

"To na daina."

"Na sani."

Ta ja hanci. Ta daɗe tana kallon garke.

"Ya ce saboda kai ya faɗa. Ya ce kunyarka ta hana shi barci." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan sake ce maka jarumi ba, Dinko."

"Na gode. Bai taɓa yi mini daidai ba."

"Har yanzu wani lokaci hannuna yakan kai kan waya da safe. In na tuna sai in ji na tsane ka."

"Ki tsane ni a kusa, in za ki iya."

Ta kamo hannunsa, ta juya tafin, ta bi fashe-fashen da yatsa.

"Wa ya koya maka jera dutse ba safar hannu? Kai dai Kyaftin ba ka da wayo ko kaɗan."

Ba a ranar ta yafe ba. Sai da bazara ta wuce, sai da Barba Gaspar ya kai ma'aikatan gandun ya nuna musu ramin da kansa, sai da Dinko ya bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya har bakwai suka yarda su cire hannu daga hon a gindin dutse. Mauro ya daina sayen 'yan raguna, tsohon ya ce ya rage masa ganin fuskarsa. A watan Satumba saƙo ya shigo wa Dinko yana tsakiyar garke.

"Na gaya wa Fadan cocinmu ya ba mu Asabar ta biyu a Oktoba. In kana da wani abin da ka binne, kana da mako huɗu ka tono shi."

"Saura ɗaya. Kifin da na kawo miki ran farko saya na yi, ba ni na kama ba."

"Na sani tun ranar. Da takardar shagon a cikin ledar. Ka zo, rabin raina."

Ranar auren, ango da mutanensa suka hau ƙauyen da tuta da masu busa, suka tsaya a ƙofar Barba Gaspar. Al'ada ce uban amarya ya musanta cewa akwai amarya a gidan, a yi ta ja, ya turo na bogi har sau uku kafin ta gaske ta fito.

Tsohon ya leƙo cikin baƙar kwat da ta matse shi. "Lafiya? Me kuke nema?"

"Wata tunkiya muka biyo, Barba," in ji mai tuta. "Fara, mai tsiwa."

"Ba ta nan. Sai dai wannan."

Aka turo kakar Nives, 'yar shekara tamanin da bakwai, lulluɓe da labulen taga. Ta ɗaga labulen ta kashe wa Dinko ido. "Ɗan nan, ka ɗauke ni, ni ba ruwana da abin da ka yi a teku." Wuri ya kaure da dariya.

"Ba ita ba ce, Barba. A sake dubawa."

Saura biyu a al'ada. Ɗan'uwan amarya mai gemu yana bayan ƙofa ya riga ya sa siket. Amma tsohon ya tsaya, ya dubi Dinko, ya dubi jama'a.

"Yau ce rana ɗaya da aka yarje mini in yi ƙarya a ƙofar gidana," ya ce. "Na gaji da ita. Tana ciki. Nives, fito."

Ta fito cikin farar riga, ganyen daji a gashinta. Ya kama hannunta ya ɗora a kan na Dinko, ya rufe su da nasa biyu.

"Allah ya ba ku gida mai ɗumi da 'ya'ya masu lafiya. Ya raba ku da abin da za ku ɓoye wa juna. In kun yi kuskure, za ku yi kuwa, Allah ya ba ku bakin faɗa tun rana ba ta faɗi ba."

Jama'a suka amsa da amin. Kakar ta ce a bar ta ta mayar da labulenta jikin taga, masu busa suka ɗauka, aka gangara coci.